Na Wucin Gadi

Akwai irin mutumin da in ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya ba ka tarihin agogo, a ƙarshe kuma ka tarar agogon nasa ma a tsaye yake. To, irinsa aka ɗauka aiki a sashen kwamfuta na wani gidan jarida. Shi dai Injiniya yake kiran kansa. Amma kowa a gidan, daga Edita har mai shara, Wucin Gadi suke ce masa, domin abin da aka rubuta a takardar ɗaukarsa ke nan: ma'aikacin wucin gadi. Ya yi fushi, ya yi gaba, ya daina amsawa, duk a banza. Suna ya zauna daram.

Yadda ya samu shiga kuwa ba wani sirri ba ne. Manajan gidan mijin yayarsa ne, yayar tasa kuma Allah ya yi mata baiwar naci. Matar da ke riƙe da rumbun bayanan jaridar, wadda ake kira Uwar Rumbu, ta tafi hutun haihuwa, ana neman wanda zai riƙa kunna kwamfutoci da safe yana kashewa da yamma. Manaja ya gaji da cin abinci ana yi masa maganar ƙani a kan kowace loma, ya ce to, ya zo.

Abu ɗaya ne ke hana Wucin Gadi barci: a tabbatar da shi a aikin. Ba don komai ba, ya riga ya faɗa wa matarsa an tabbatar da shi, takarda kawai ake jira. Ita kuma ta faɗa wa matan layi, matan layi suka faɗa wa mazajensu. Har ta je ta sayo firam mai ruwan zinare ta rataye a falo, babu komai a ciki, yana jiran takarda. Kullum ya shigo gida, firam ɗin ne ke fara gaishe shi.

Ana nan sai mai gidan jaridar, wani tsoho da ake kira Baba Mai Jarida, ya zo taron ma'aikata da sandarsa da buƙatarsa. Ya ce shi ya gaji. In yana son ganin wani tsohon rubutu, sai an tura mutum ɗakin ajiya ya fito da ƙura har a gira. Tunda duk an zuba tsofaffin jaridun a kwamfuta, yana so ya rubuta kalma ɗaya tak, a fito masa da duk labarin da kalmar ta taɓa fitowa a ciki tun kafa gidan. Kuma yana so a yi taron buɗe abin, ya gayyato abokansa su gani.

Manaja ya ce, "Ranka ya daɗe, sai mu jira Uwar Rumbu ta dawo."

Daga can ƙarshen tebur aka ji dariya. Wucin Gadi ne, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Haba, Yallaɓai! Wannan ai aikin shan ruwa ne. Ni da na taɓa gyara kwamfutar da ta faɗa rijiya? A ba ni kwana uku. In na wuce haka a canza mini suna."

Edita, wata mace mai tabarau da harshe kamar reza, ta ce, "Ai an riga an canza."

Baba Mai Jarida bai ji ta ba, kunnensa ya yi nauyi. Ya nuna shi da sanda ya ce, "Yaron nan yana da zuciya. In ya yi, a tabbatar da shi."

Manaja ya dafe kai. Suna fita ya kira Uwar Rumbu a waya, ya danƙa wa surukin nasa ya ce, "Saurara da kyau, don Allah, ba don ni ba."

Uwar Rumbu na magana, jariri na tsala ihu a bayanta. Ta ce, "Ka ga, kafin kwamfuta ta iya nemo kalma, sai ta tsinto kowace kalma daga kowane labari, ta jera su bi da bi. Kamar mai gyaran ɗaki ne, sai ya fito da kaya tsakar gida tukuna. Tana buƙatar fili babba da za ta baje tarkacenta na ɗan lokaci, in ta gama ta share da kanta. Filin da ke cikin saba, babbar kwamfutar nan, ba zai isa ba. Na bar faifai a durowata ta ƙasa, na yi rubutu a jikinsa. Shi za ka..."

"Na sani, Anti, na sani."

"Ban gama ba. Akwai jerin ƙananan kalmomi da na ware, kada ka kuskura ka..."

"Anti, ki ji da jariri. Wannan ni na koyar da shi."

Ya kashe wayar ya miƙa wa Manaja. Abu ɗaya ya tsaya masa a kai daga duk bayanin: durowa ta ƙasa. Ya shiga ɗakin saba, wani ɗan ɗaki mai sanyi inda babbar kwamfutar da ke riƙe da komai na gidan take ta gurnani, ya ja durowar. Ga faifai baƙi, sabo dal, an liƙa masa farar takarda an rubuta da manyan baƙaƙe: NA WUCIN GADI.

Da farko ransa ya ɓaci. Wato har a rubuce ma haka za a kira shi? Sai kuma ya juya faifan, ya ji nauyinsa, zuciyarsa ta yi laushi. Ashe matar nan tana da kirki! Ta san girmansa, ta bar masa kyauta, kunya ce ta hana ta faɗa kai tsaye. Ya cusa shi a aljihu. Da yamma ya biya wurin mai tura finafinai aka cika masa shi fam, ya je gida ya jona da talabijin. Ya ce wa matarsa, "Irin abin da ake ba manyan ma'aikata ke nan." Kafin kwana biyu falonsa ya koma gidan kallo, maƙwabta har da zuwa da kujerunsu.

Washegari ya zauna gaban saba ya naɗe hannun riga. Abu na farko da ya ci karo da shi shi ne jerin nan da aka hana shi taɓawa: da, a, ta, ya, na, ba, da 'yan uwansu. An ware su don kada kwamfuta ta wahalar da kanta a kansu, tunda babu mai hankalin da zai zo neman kalmar "da" a jarida. Wucin Gadi ya kalle su, ya ji kamar 'yan uwansa ne.

"Wariya ke nan," in ji shi. "Don suna ƙanana sai a ce ba su cikin ma'aikata? A hannuna kowace kalma sai an tabbatar da ita."

Ya goge jerin. Ya danna maɓalli, aiki ya fara, ya fita ya tsaya a ƙofar ɗakin labarai yana sanar da mutane cewa tarihi ya soma.

Tarihin bai kai azahar ba. Tarkacen kalmomi ya cika cikin sabar har wuya, ta kasa karɓar ko ɗigo. Duk wanda ya danna ajiye rubutu sai kwamfuta ta ce babu wuri. Edita, wadda ta shafe safiya tana gasa wani sharhi a kan masu zubar da shara a kwata, ta ga sharhin ya yi ɓatan dabo a gabanta. Ta taso, takalminta na ƙwas-ƙwas.

"Wucin Gadi! Ina sharhina?"

"Injiniya. Yana nan, Anti Edita. Sabar ce ke numfashi."

"Numfashi?"

"Ƙwarai. In na'ura ta haɗu da ƙwararren hannu karon farko, takan ɗan razana."

"Ai ba ita kaɗai ba. Mu ma duk a razane muke. Ka dawo mini da sharhina, ko na rubuta sabo a kanka."

Ya koma ɗakin saba ya rufe ƙofa. Ya yi abin da ya fi ƙwarewa a kai, ya kashe ya kunna. Allah ya taimake shi tarkacen ya share kansa, wuri ya samu. Sharhi dai ya tafi ke nan. Ya fito yana goge hannu kamar wanda ya yi tiyata, ya ce, "Na shawo kanta."

Sai a lokacin maganar Uwar Rumbu ta ɗan dawo masa: fili. Ana buƙatar fili. Ya laluba aljihu, hannunsa ya faɗa kan makullansa. A jikin zoben akwai makullin babur ɗinsa, da na gida, da wani ɗan filas ja na ajiyar bayanai da ya tsinta a mota tun bara. Ya yi murmushi. Ga fili har da ragi! Kashegari ya soka filas ɗin a bayan saba, makullai na lilo a jiki, ya nuna wa kwamfuta nan za ta baje kayanta. Ya danna maɓalli ya wuce ɗakin shan shayi na ma'aikata, inda ya samu masu ɗaukar hoto biyu da ba su da wurin gudu.

Yana cikin ba su labarin yadda wani kamfanin ƙasar waje ya roƙe shi har da kuka ya ƙi zuwa, sai ga maigadi ya leƙo.

"Oga Wucin, babur ɗinka ya tare ƙofa. Motar takarda ta zo, direba na ta zagi."

"Ba ka ga ina bayani ba? Je ka ɗakin saba, makullin na nan, ka matsar da shi."

Maigadi ya je, ya ga makullai na lilo a bayan wani akwati mai ƙyalƙyalin fitilu, ya sa hannu ya fizge. Babur dai ya matsa, motar takarda ta shigo lafiya. A sama kuwa, saba ta nemi filinta ta rasa, ta yi wani irin tari ta sume. Shafin jaridar na intanet ya koma fari fat. Wayoyi suka fara ƙara lokaci guda, masu karatu na tambaya ko an rufe gidan ne.

Wannan karon da Manaja Edita ta zo.

"Me ya faru kuma?" in ji Manaja.

"Zagon ƙasa, Yallaɓai. An cire mini kayan aiki."

"Wa ya cire?"

Maigadi na tsaye da makullai a hannu. "Ni ne, shi ya aike ni."

"Na aike ka ka ɗauko makulli, ban ce ka ɗauko rumbun bayanai ba!"

"To ai a haɗe suke, Oga."

Edita ta cire tabarau ta goge. "Tsaya in gane. Tarihin gidan nan gaba ɗaya, a jikin makullin babur ɗinka ka rataye shi?"

"Tsaro ke nan, Anti Edita. Duk inda na je yana tare da ni."

"Allah ya sa kada a sace babur ɗin, mu wayi gari ɓarawo ne babban edita."

Manaja ya ja shi gefe, ya rage murya. "Kai, dubi nan. Gobe taro. Baba ya gayyato mutane. In ba za ka iya ba ka faɗa mini yanzu, in san ƙaryar da zan yi."

"Yaya..."

"Kada ka ce mini Yaya a ofis."

"Yallaɓai, gobe sai ka yi alfahari da auren yayata."

"Yau ma ina tunanin abin," in ji Manaja, ya wuce.

Da sassafe ranar taron Wucin Gadi ya iso cikin kwat ɗin aro, hannun ya wuce yatsunsa. Ya zauna yana leƙa lungu-lungu na kwamfutocin gidan, yana neman fili. Can sai ya hango wata folda mai suna FITA, babu komai a ciki, ga wuri kamar filin ƙwallo. Ya tafa hannu. Sakarkaru, suna da irin wannan fili suka bar shi a banza! Sunan ma alheri ne, fita kunya ke nan. Ya nuna wa saba foldar, ya danna maɓalli.

Abin da bai sani ba, don bai taɓa tambayar kowa komai ba a rayuwarsa, shi ne foldar ta babbar firintar zauren taro ce. Duk abin da aka jefa a ciki, layi yake shiga, firinta ta buga shi a takarda, na farko shi ne farko. Shi ya sa kullum take wayam. A lokacin firintar a kashe take, don haka tarkacen kalmomi ya yi ta shiga layi shiru, tuli bayan tuli.

Zaure ya cika. Baba Mai Jarida na gaba da abokansa, tsofaffi masu sanduna da manyan riguna. An kafa babban allo da kwamfuta a gefen firintar. Ana shirin farawa Sakatariyar Manaja ta matso kusa da Wucin Gadi ta yi masa raɗa.

"Albishirinka. Yayarka ta hana Manaja sakat tun asuba. Ya sa na rubuta takardar tabbatar da kai, yanzun nan na tura ta firinta. Da ka gama nuna abin, Baba zai sa hannu a gaban kowa."

Wucin Gadi ya ji kamar ya yi tsalle. Ya hango firam ɗin falo ya cika. Ya hau mumbari tun ba a kira shi ba.

"Ranku ya daɗe, manyan baƙi. Abin da za ku gani yau, a duniya mutum uku ne suka iya shi. Ɗaya ya rasu, ɗaya ya haukace..."

"Na ukun ma muna sa ido," in ji Edita daga layi na biyu.

A daidai nan Sakatariya ta kunna firinta don takardar ta fito. Firinta ta yi gyaran murya, ta zuƙi takarda, ta tofo. Ta sake tofowa. Sai kuma ta kama gudu, shaf-shaf-shaf, kamar an biyo ta. Kwamfuta kashi-kashi take raba kalmomin da take jerawa, kuma cikin ikon Allah kashin da ya fara shiga layi shi ne na ɗaya daga cikin kalmomin nan da Wucin Gadi ya ƙwato wa 'yanci. Kowane shafi daga sama har ƙasa abu ɗaya ne: da, sai lambar labari. Da, sai lamba. Da, sai lamba.

Wucin Gadi ya waiga, ya ga takardu na zubowa ƙasa, ya ƙara ɗaga murya. "Kada ku damu da wannan, ɗumama jiki take yi. Baba, bismillah, rubuta duk kalmar da kake so."

Baba Mai Jarida ya taso da ƙyar, ya zauna gaban kwamfuta, ya rubuta da yatsa ɗaya: zumunci. Ya juyo ya ce wa abokansa, "Kan sharhina na farko ke nan a gidan nan." Ya danna. Wani ɗan zobe ya bayyana a allo yana juyawa. Aka jira. Zobe na juyawa, firinta na aman takarda, har ta fara taruwa a ƙafafun 'yan layin gaba.

"Ina yake?" in ji Baba.

Gumi ya karyo wa Wucin Gadi, amma bakinsa bai san gumi ba. "Ranka ya daɗe, wannan sabon tsari ne. Na lura manya ba sa son kallon allo, yana ɓata ido. Shi ya sa na sa amsar ta riƙa fitowa a takarda."

Baba ya sa sanda ya jawo shafi ɗaya, ya kai shi dab da hanci. "Da. Da. Da. Da." Ya juya bayan, ya dawo. "Yaro, da me?"

"Abin da muke tambayarsa ke nan tun ranar da ya zo," in ji Edita.

"Bi da bi take tafiya, ranka ya daɗe. Yanzu tana kan da. Zumunci yana can wajen ƙarshe."

"Yaushe za ta kai?"

"To... ya danganta."

Baba ya dube shi sama da ƙasa. "Yaro, ka san shekaruna kuwa?"

Ɗaya daga cikin tsofaffin ya tuntsire da dariya har sandarsa ta faɗi. Wani ya ɗebi shafuka yana fifita da su. Manaja ya taso fuska a murtuke ya nufi firinta. "A kashe abin nan!"

Sakatariya ta dubi ɗan allon firintar, ta riƙe baki. Ta ce da Wucin Gadi, a hankali amma ba can ba, "Takardarka fa tana bayan duk waɗannan. Ita ce ta ƙarshe a layi."

Wucin Gadi ya diro daga mumbari kamar an harbo shi. Kafin Manaja ya isa, ya riga ya baje hannuwa ya rungume firintar ta baya, kwat na lilo.

"Kada wanda ya taɓa ta! In aka katse ta a tsakiya, komai zai lalace!"

"Me ya rage bai lalace ba? Matsa!"

"A bar ta ta gama, Yallaɓai! Ta kusa!"

Sai firinta ta yi ƙara ta tsaya, jar fitila ta kama. Takarda ta ƙare. Zaure ya sauke numfashi. Wucin Gadi kuwa ya zabura, ya fizgo sabon ƙunshi daga kabad ya ɗura mata, ta ci gaba. Wannan ma ta lashe. Ya bi kujeru yana warce takardun tsarin taro daga hannun baƙi yana cewa, "Afuwan, ranka ya daɗe, aikin ƙasa ne." Ya kai hannu kan jawabin Edita, ta buge hannun da jaka.

"Taɓa ka gani!"

Manaja ya ciro waya ya kira Uwar Rumbu, ya buɗe murya don kowa ya ji, ya kara a makirfon. Ya yi mata bayani a gurguje. Jariri na kuka a bayanta, ta jefo tambaya.

"Wace folda ya nuna wa sabar?"

"FITA," in ji Sakatariya.

"Innalillahi! Foldar firinta? To ina faifan da na bari?"

Wucin Gadi ya ɗago daga bayan firinta. "Wane faifai, Anti?"

"Na durowa ta ƙasa. Baƙi. Na rubuta a jikinsa, na wucin gadi."

Fuskarsa ta washe. "Au, nawa? Yana gida, Anti. Wallahi ki yafe ni, ban ma kira na yi godiya ba. Allah ya raya jariri."

"Naka kamar yaya?"

"Ai sunana ne a jiki."

Firinta dai na ta shaf-shaf ɗinta.

"Na fayilolin wucin gadi!" Uwar Rumbu ta kwatsa ihu har jariri ya yi shiru. "Filin da na ce maka! Shi ne filin! Me ka yi da shi?"

Ya sosa ƙeya. "Akwai... 'yan finafinai a ciki."

Wayyo! Zaure ya kece. Edita ta kifa kai a kan gwiwa, kafaɗunta na rawa. Masu ɗaukar hoto suka yi ta aikinsu, ba su taɓa jin daɗinsa kamar ranar ba. Baba Mai Jarida na ta tambaya, "Me ya ce? Me ya ce?" Da aka faɗa masa a kunne, sai ya ce, "Ashe dai yana amsa sunan."

"Ku share layin firintar gaba ɗaya," in ji Uwar Rumbu. "Jan maɓallin nan na gefe, a danne shi. In ba haka ba sai ta cinye takardar da za ku buga jaridar gobe da ta jibi."

Manaja ya miƙa hannu. Wucin Gadi ya zube a gabansa, gwiwa biyu a kan tulin da-da-da.

"Yaya! Yaya, don girman Allah! Takardata na ciki!"

"A nan ba ni da ƙani."

"To a sake bugawa daga baya?"

Manaja ya dubi Baba Mai Jarida. Baba na kakkaɓe takarda daga kan takalminsa, bai ko ɗago ba.

Daga cikin waya Uwar Rumbu, wadda ba ta san wace takarda ake magana ba, ta ce, "Kada ku ji komai, babu abin asara a layin nan. Duk na wucin gadi ne. In aiki ya ƙare share su ake yi."

"Haka ne kuwa," in ji Manaja, ya danne maɓallin.

Firinta ta yi wani dogon nishi. Ta tsaya. Sai kuma, a hankali, ta turo shafi ɗaya na ƙarshe. Wucin Gadi ya yi sufa ya cafe shi tun bai taɓa ƙasa ba, ya juya shi. A can sama, kalma ɗaya ce tak, ko lamba ba ta samu ba: da.

Manaja ya ce, "Je ka gida ka ɗauko faifan mutane. In ka kawo, ka miƙa wa maigadi a ƙofa. Ba sai ka wahalar da kanka da hawa bene ba."

Ya isa gida ya tarar falo maƙil da maƙwabta, fim ya kai inda jarumi ke rataye a jikin gada da hannu ɗaya. Ya ratsa su ya zare faifan. Allo ya yi baƙi, falo ya ɗauki salati.

"Haba, Injiniya! Ya faɗa ko bai faɗa ba?"

"Ya faɗa," in ji shi. Sai ya tuna ko shi wane ne, ya gyara kwat. "Ofis ne suka roƙi aro. Kun san ba sa iya komai in ba da kayana ba."

Matarsa ta fito daga kicin tana goge hannu, ta hango takarda a aljihunsa. Ta yi guɗa, ta sauko da firam daga bango.

"An bayar? Kawo, kawo, a gaban kowa!"

Babu hanyar gudu, maƙwabta sun tare ƙofa. Ya miƙa mata. Ta buɗe, ta duba sama, ta duba ƙasa, ta juya baya.

"Da," ta karanta. "Baban yara, da me?"

"Ke ba ki san aikin zamani ba. Yanzu kalma-kalma ake tabbatar da mutum."

Ta daɗe tana kallonsa. Maƙwabta suka fara ɗaukar kujerunsu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna yana da abin yi. Ta buɗe bayan firam, ta shimfiɗa takardar da kyau, ta rufe, ta mayar bango, har da ja da baya ta ga ko ya karkace.

Yana nan rataye har yanzu. Duk baƙon da ya shigo falon sai ya tsaya ya karanta, ya juyo ya ce, "Da me?"

Sai ta nuna shi da haɓa, yana kwance a doguwar kujera da tsakar rana yana ba yara labarin kwamfutar da ta faɗa rijiya, ta ce, "Da wannan."